Ranar da Muryar Goggo Mai Ƙwai ta Dishe

Duk dangi, babba da yaro, Goggo Mai Ƙwai suke ce mata. Babu wanda zai ce ya taɓa ganinta zaune ta miƙe ƙafa. A tsaye take cin abinci, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, mayafi na jan ƙasa.

Da kwano ɗaya ta fara sayar da ƙwai, tana bin gidaje. Daga kwano ta koma kiret, har ɗakin ƙofar gida ya cika da su, mijinta tela ya janye keken ɗinkinsa zuwa baranda. A shekarun farko ta taɓa riƙe wata 'yar dangin mijin, ta nuna mata gonar da take sarowa da shagunan da take kaiwa. Ba a jima ba matar ta koma kaiwa da kanta, ta bar Goggo da kiret babu komai a ciki. Tun daga nan ta ƙudura cewa mai ba ta kaya ba zai san mai karɓa ba.

Mutum uku ne ke riƙe da sana'arta: mai gonar kaji a bayan gari, direban da ke ɗauko ƙwan, da mai gidan burodi, wanda ke kwashe fiye da rabin kayan. Babu mai lambar wayar wani a cikinsu. Mai gona ya kira ta ya ce an gama tsinta, ita ta kira direba, sannan ta kira gidan burodi ta ce su saurara. Don kada hira ta haɗa su, ta raɗa wa mai gona cewa direban hannunsa ba ya tsayawa, kada ya buɗe masa ƙofa sai ya ji muryarta. Shi kuma direba ta ce masa mai gonar mafaɗaci ne, ya yi gaisuwa kawai ya kama bakinsa.

Abin yana tafiya, amma da ɗingishi. In layinta yana cike, mota ta tsaya a rana. In ta shiga wanka, gona ta jira. Mai gidan burodi ya gaji, ya ce mata, “Goggo, kwaɓi ba ya jiran mutum. In aka sake makara, zan nemi wani.”

Satin nan ne mura ta kama ta. Ta wayi gari ta buɗe baki, sai iska. Ta sha ruwan zafi, ta yi gyaran murya, ta daki ƙirji. Wayar tana ta ruri a kan tabarma.

“Yau gidan nan zai huta,” in ji tela, yana zura zare. “Ranki ya daɗe, me za a gaya wa jama'a?”

Ta cusa masa wayar a hannu, ta nuna sunan mai gona. Direba ya riga ya isa gonar, yana bakin ƙofa.

“Maigidanta ne,” tela ya ce. “Muryarta ta tafi yawo. Ta ce a ba direba kaya.”

“Malam, ban ƙi taka ba,” in ji mai gona, “amma ita ta ce sai na ji ta da kunnena. Ina na san ba direban ne ya sa ka ba?”

Tela ya kara mata wayar. Ta yi iya yinta, abin da ya fito kamar hucin tayar da ta sace. Mai gona ya ce ba ya jin komai, ya kashe.

Ta zagaya tsakar gida, ta ɗauki jaka, ta ajiye, ta sake ɗauka. Gidan burodi ya kira, ta kalli sunan har ya katse. Sai ta fita da silifas ɗin tela a ƙafa, ta tare motar haya. A hanya duk inda aka tsaya sauke fasinja, sai ta riƙa dukan bayan kujera.

Da ta isa, ƙofar gonar a rufe take. Direba na zaune a kan dutse a waje, mai gona na tsugune daga ciki, ya miƙo masa ruwa ta tsakanin ƙarafa. Hira suke yi, har da dariya. Suna ganinta suka miƙe tsaye.

“Goggo, sannu da jiki,” in ji direba. “Ashe ni ɓarawo ne ban sani ba.”

“Ni kuma wai cizo nake yi,” mai gona ya ce, yana zare sakata. “Da kin bari mun san juna, da tuni ƙwan nan ya shiga tanda.”

Ta sunkuya ta kama ɗaukar kiret tare da su.

Rana ta take sosai kafin su kai gidan burodi. A bakin ƙofa wata mota na juyawa za ta fita, babu kaya a bayanta. Mai gidan burodi ya fito da gari har gwiwar hannu.

“Na karɓi na yau a wurin wani,” ya ce. “Daga yanzu rabi nasa, rabi naki. Shi direbansa ke kirana tun daga gona, na san lokacin da zan kunna wuta.”

Goggo ta tsaya tana kallon kiret ɗin da za su koma gida. Can ta miƙa hannu, direba ya ba ta wayarsa. Ta saka lambar mai gona, ta miƙa wa mai gidan burodi ya saka tasa.

Rabin da ya tafi bai dawo ba. Rabin da ya rage kuwa bai ƙara makara ba, don su ukun suna shirya lokaci a tsakaninsu, har suka sauya hanyar da mota ke bi ba su tambaye ta ba. Muryarta ta dawo, amma hankalinta bai kwanta ba. Yanzu takan faɗo gona ba sanarwa, wai wucewa take yi, alhali babu inda hanyar ke zuwa bayan gonar. Mai gona ya ba ta kujera, ta ce sauri take yi, ta tsaya a jikin mota tana sauraron abin da suke cewa.