Gwiwar Raƙumin Inna

A shekarun da sojoji suka fara miƙa wa farar hula mulki, manyan gidanmu na Yakasai rediyo suke kewayewa bayan isha'i, mu kuwa yara sai kaskon wutar Inna, kakarmu. Ciwon gwiwa ya hana ta sakat. Takan miƙe ƙafa mu shafa mata man kaɗanya muna tausa, hannu na tsayawa labari ya tsaya.

"Ga ta nan tafe gare ku. Kai Sale, da ƙarfi mana, tuwon aro ka ci?" Da ni take.

Wai wani raƙumin fatake ne gwiwarsa ta cinye saboda yawan durƙuso. Maƙeri ya ƙera masa ta ƙarfe, ya ce gobe-goben nan ya taka ta. Raƙumi ya ga tana walƙiya, ya ce ai wannan ta Sallah ce. Ya naɗe ta da tsumma ya kwanta. Ran da ayari zai tashi ta yi tsatsa, ta ƙi lanƙwasuwa, aka tafi aka bar shi.

Na ce, "Inna, ke me ya hana ki zuwa wajen maƙerin?"

"Ya rasu, sarkin surutu. Tausa."

Na girma ina sayar da kayan gyaran mota a Ƙofar Ruwa. Bara tawa gwiwar ta cinye, har salla sai a kujera. Likita ya sa mini ta ƙarfe, ya ce in ban taka ta kullum ba, za ta sandare. Yayata Hajiya Rabi kuwa ta tare a gidana, ta ɗauki abin kamar ɗorin karaya: kwana arba'in a kwance, ga farfesu, ga masu sannu. Sandar da likita ya ba ni ma ta ɓoye ta.

Rana ta uku na ce, "Yaya, tare fa muka ji labarin raƙumin nan."

Ta harare ni, ta jawo sandar daga ƙarƙashin gado. "In ka faɗi kada ka kira sunana."

Da can na zaci wautar raƙumi Inna take nuna mana. Ashe wani lokaci ƙauna ce take naɗe mutum da tsumma. Na tako har zaure ina gumi. Da na waiwaya, Yaya tana bayana, hannuwa a buɗe.