Dafin Sabon Dodo

Ni da ƙanena mun yi shekaru muna wani wasa na intanet, irin wanda mutane ke haɗa ƙungiya su afka wa dodo tare. Kowa da aikinsa. Ni ne mai garkuwa, ina tsayawa a gaba dodo ya yi ta dukana don sauran su samu su sare shi. Shi kuma mai magani ne, yana bayana yana mayar mini da jinin da na zubar. A ɗakinmu da ke bayan titin Gate City Boulevard, a garin Greensboro inda muke zaune a ƙasar waje, teburanmu a jere suke, kafaɗa da kafaɗa. Idan na taso daga aikin sito a titin Wendover, shi ya taso daga makaranta, sai mu ci tuwo mu zauna.

Ya rasu da bazara, bayan gajeriyar jinya. A nan muka binne shi.

Da aka yi zaman makoki mutane sun zo, Musulmi da Kirista, ɗakin har ya kasa ɗaukarsu. Kowa ya ce, "Ya haƙuri?" na ce, "Da godiya." Haka aka koya mana a gida, babba ba ya nuna rauninsa a gaban jama'a. Na yi ta faɗa har bakina ya saba, ko ba a tambaye ni ba yana nan a kan harshena.

Bayan an share makoki sai shugaban ƙungiyarmu ya kira ni. Alhaji ne ɗan Nijar, yana sayar da motoci a kan titinmu, bakinsa ba ya rabuwa da "bon", wato "to" irin na boko a ƙasarsu.

"Malam, an fitar da sanarwar sabon farmaki. Ranar Asabar za a buɗe. Bon, ban ce dole ba. Idan ba za ka iya ba akwai wani yaro a Kaduna da ke son garkuwar."

Na ce zan iya. Na ajiye wayar. Ba wasan ne ya dame ni ba. Ƙungiyar nan ita kaɗai ta rage inda ake tuna ƙanena yana dariya. A ko'ina kuma marigayi ake ce masa. Idan aka ba wani garkuwata, ban san inda zan riƙa zuwa da yamma ba.

Wadda aka samo ta maye gurbinsa wata ma'aikaciyar jinya ce 'yar Jos, tana zaune a East Greensboro. Ta zo mana ta'aziyya da matan cocinsu da kular shinkafa. Anti muke ce mata. Ta daɗe tana wasan a wata ƙungiya, an ce hannunta yana da sauri.

Kamfanin da ya ƙirƙiri wasan ya buɗe filin gwaji kafin ranar, don ƙungiyoyi su koyi halin dodon. Muka shiga da la'asar, lokacin da 'yan ƙungiyar da ke can gida suka idar da sallar isha'i. Alhaji ya yi mana bayani. Wannan dodon yana tofa wa mai garkuwa dafi, kuma dafin ba ya fitowa a allon kowa sai na wanda aka tofa wa. Gefen allon zai yi kore. Mai magani ba za ta gani ba. Dole mai garkuwa ya buɗe baki ya faɗa, in ya yi jinkiri ya faɗi, dodo ya juya ya cinye sauran.

Ban taɓa neman magani da bakina ba. Ƙanena yana gefena, da wutsiyar ido yake kallon allona, kafin in ankara ya riga ya yi abin da ya kamata. Wani lokaci ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce, "Yaya, kai dai tsaya kamar bango, tunanin bar mini."

Muka shiga kogon. Dodon ya taso, na kafa garkuwa. Ba a jima ba gefen allona ya fara kore. Na ga abin sarai. Na waiwaya hagu, kujerar ƙanena ce kawai da rigarsa a rataye.

"Mai garkuwa, yaya jikinka?" in ji Anti a kunnena.

"Lafiya lau," na ce.

Na faɗi. Cikin ƙiftawar ido duk ƙungiyar ta bi ni.

Wani ɗan Kano da ba ya iya riƙe bakinsa ya ce, "Lafiya lau, ga ka a ƙasa? Malam, gaisuwa aka ce maka ana yi?" Aka yi dariya kaɗan, sai kuma kowa ya tuna rashin da na yi, aka yi tsit. Shirun ya fi mini dariyar ciwo.

Muka sake, na sake faɗuwa. Wannan karon ko amsa ban ba ta ba. Ina ganin koren yana cin allon. Na ji Alhaji ya ja numfashi, irin wanda yake ja idan mai saye ya gama zagaya mota ba zai saya ba.

"Bon. Sau ɗaya ya rage yau. In bai yiwu ba, gobe mu yi magana."

Na san maganar da za a yi.

Anti ta ce a ba ta minti ɗaya, ta kira wayata kai tsaye don kada sauran su ji.

"Ɗan'uwana, ka saurare ni. A wurin aiki, mara lafiyan da ke ihu ba ya ba ni tsoro. Wanda ke cewa ba komai, shi nake tsoro. Ni ba ƙanenka ba ce, ba na ganin allonka. In ba ka faɗa ba, ban sani ba."

Na ce, "To, Anti."

"Ba 'to' nake so ba. Ka ce dafi. Shi ke nan. Faɗi in ji."

Na buɗe baki a ɗakin da ba kowa, na faɗa. Muryar ta fito kamar ta wanda ya kwana da mura.

Muka koma. Dodon ya buge ni, ya sake bugu, sai koren ya fara daga kusurwa. Na ƙura wa allon ido, ban yarda na kalli hagu ba.

"Dafi," na ce. "Anti, dafi, taimake ni."

Haske ya sauko a kaina, koren ya washe. Ba mu kashe dodon ba a ranar, ya cinye mu can gaba a wani wurin da ba mu koya ba tukuna. Amma Alhaji ya ce, "Asabar kowa ya zo da wuri, mai garkuwa kai ne a gaba."

Na cire abin kunnen na ajiye. Tsakanina da Asabar akwai sauran kwanaki, kuma an ce a farmakin gaske dodon ba sau ɗaya yake tofi ba.