Barcin Goggo Ne Alƙalin Baffa

"Yaya, tashi. A ina kika fara gyangyaɗi?"

"A shafi na uku ko na huɗu, ni na sani?"

Sai Baffa Hamza ya yage duka biyun.

Duk wanda ya san shi a unguwar Hindawiyya ya san wannan. Muhami ne, lauyan ɗaukaka ƙara, tun kafin a haife ni. Amma bai taɓa kai takarda mahkama, wato kotu, ba sai ya juya ta da Hausa ya karanta wa yayarsa Goggo Indo, wadda ko ajin farko ba ta shiga ba. Kuma dole bayan ta ci abincin rana. Wai alƙali ma mutum ne, shi ma ya ci shinkafar kabsa, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na kaɗa shi. Inda Goggo ta lumshe ido, nan alƙali zai lumshe.

Ranar da na fara aiki a ofishinsa na kai masa shafi goma sha biyu, ina ji da kaina. Goggo ta yi minshari tun a gaisuwa. Ya ce, "Mabruk, ya duktura. Kai wa asibiti, suna neman maganin barci."

Wani direban taksi ya taɓa zuwa, an kayar da shi a kotun farko, ya ce a rubuta abokin shari'arsa maƙaryaci ne ɗan maƙaryata. Baffa ya ce, "Ni da takardar hukunci nake faɗa, ba da uban kowa ba. Zagi ka yi a mota, kyauta ne." Ya nemo kuskure ɗaya tak a hukuncin, layi biyu, aka soke shi. Direban ya tafi yana ƙunƙuni wai an ci nasara ba daɗi.

Jawwal kuwa, wayar hannu, bai yarda da ita ba. Ko da komai ya koma intanet, sai na buga masa a takarda. "Abin da ba zan iya yagewa ba, ta yaya zan gyara shi?"

To, ga inda nake. Ya rasu ya bar ƙara ɗaya bai gama ba, ta gidan Goggo ce kanta, wanda wani ke cewa rabinsa nasa ne. Wa'adi zai cika ranar Alhamis. In ya wuce, halas, shi ke nan, hukuncin farko ya zauna. Na ƙarasa rubutun, kuma na san ya yi ƙarfi. Jiya na ba Goggo shinkafa ta ƙoshi, na karanta mata. Shafi tara ko ƙiftawa ba ta yi ba. Gidanta ne, ina za ta ga barci? Da na gama ta ce, "Da Hamza ne, da ya yage wani abu." Sai ta juyar da kai.

Allah ya jiƙanka Baffa, ya sa shari'arka ta can ta ƙare a zaman farko, ba sai an ɗaukaka ba.

Jama'a, wa zai ara min kakarsa gobe bayan azahar, wadda ta ci ta ƙoshi?