Mai Kai Biyu

Murfin tukunya ne ya fara. Wata 'yar tukunyar ƙarfe ce da Baba ya zo da ita daga Kano, ita kaɗai ce mai murfin ƙarfe a gidanmu, sauran duk na ƙasa ne da ake rufewa da faifai. Ranar, bayan isha, an ɗora ruwan kunu a ɗakin Inna, kakarmu, muna zagaye da wutar saboda sanyi ya fara sauka. Da ruwan ya tafasa sai murfin ya shiga rawa, kaf-kaf-kaf, tururi na fesowa ta gefe. Baba yana bakin ƙofa yana ɗinke mangalar jaki. Ya ajiye basilla ya ce, "Kun ji ko? Wallahi abin da ke jan jirgi ke nan. Ruwa da wuta, shi ke nan."

Muka yi dariya, ni da ƙanwata Talatu. Inna ba ta yi ba. Ta kama murfin da bakin zanenta, ta kife shi a ƙasa.

Zamanin Turawa ne, kuma ƙauyenmu yana bayan duwatsun Roni, inda dogo bai taɓa ratsawa ba. Ni a lokacin ko hoton jirgi ban taɓa gani ba. Amma duk kaka mazan garinmu kan loda gyaɗa a jakuna su nufi Kano, su kwana a Dambatta, su sauke kaya kusa da tasha inda ake tara buhuna kamar dutse. Sukan dawo da gishiri da goro, da kuma zancen jirgi wanda ba ya ƙarewa har damina ta faɗi. A gindin tsamiyar ƙofar gidanmu suke zama, kowa da kan jirgin da yake so, wato injin da ke jan taragu, kamar masu gardamar dawaki.

Ɗan'azumi, abokin Baba, sababbi yake so, waɗanda aka rubuta wa sunayen koguna a jiki da farin ƙarfe. Malam Ilu kuwa ba ya yarda da kowa sai wata 'yar tsohuwa mai tari da ke jera taragu a cikin tasha, wai ita ce mai aiki ba girman kai. Na Baba shi ne Mai Kai Biyu. Ya ce dogo ne na gaske, ruwa a gaba, kwal a baya, tukunyar wuta a rataye tsakiya, kuma yadda yake gudu gaba haka yake gudu baya, ba sai an juya shi ba.

"Naka ai ko fuskarsa ba a sani ba," in ji Ɗan'azumi. "In ka je gaishe shi, ta wane ɓangare za ka durƙusa?"

"Kai dai kwalliya ke ruɗinka. A ɗaura wa angon naka gyaɗa ka ji nishi, sai ka ce jakin Malam Ilu a yashi."

"Ku bar jakina, bai tsare wa kowa komai ba."

Baba yakan haɗa tafukansa ya hura, ya fitar da kukan kowanne daban. Na Mai Kai Biyu mai kauri ne, yana farawa ƙasa-ƙasa ya hau. Mu yara mukan roƙe shi ya sake. Ban taɓa lura ba, sai daga baya, cewa duk sanda ya hura Inna takan tashi ta shige ɗaki.

To a daren murfin nan, Baba ya juya wajen mahaifiyarmu, amma da muryar da kowa zai ji, ya ce wani helluma, shugaban lebura a loko, wato rumfar da ake gyara kawunan jirgi, ya sama masa gurbi cikin masu goge su da kwashe toka. In ya yi ƙoƙari wata rana har zuba kwal zai yi. Tafiyar nan mai zuwa, in sun sauke gyaɗa shi zai tsaya, Ɗan'azumi ya koro jakunan gida.

Wanda bai san gidajenmu ba zai ce me ya hana Inna ta ce a'a, ai ɗanta ne. To Baba ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ba. In tana son ya ci abinci sai ta ce, "Ku ce wa ubanku tuwo na hucewa," alhali yana zaune taku biyu daga ita. Kunya ce, ta gaje ta ba ta saki ba. Uwa irin Inna ba ta roƙon ɗan fari, ba ta nuna masa tana tsoron rasa shi. Don haka ta gyara itace a wuta, ta jawo mu jikinta ta ce, "Ga wata nan tafe, wa zai tarbe ta?"

Muka ce, "Mu ne, ta ƙaraso."

Ta ce a wani zamani an yi wani dodo baƙi wanda ba ya cin ciyawa, wuta yake ci ya kora da ruwa. Duk girmansa ba ya iya taka ƙasa, sai an shimfiɗa masa hanya ta ƙarfe. Sai ya aika wa dagatai, kowane gari ya ba da maza. Dagaci ya bi gida-gida yana nunawa da sanda. Cikin waɗanda sandar ta nuna har da wani saurayin magidanci, matarsa na goye da jariri. Aka tasa su gabas, suna sara da diga, suna jidar ƙasa a kwando daga hantsi har duhu. Waɗansu ciwon ciki ya kwashe su, waɗansu suka gudu cikin dare.

"Ran da hanya ta ƙare," in ji Inna, muryarta ta yi ƙasa har sai da muka matso, "sai aka ji ƙasa na rawa. Ga shi nan tafe, ido ɗaya a goshi, hayaƙi na bin sa. Kowa ya faɗa cikin dawa. Mutum ɗaya ne ya tsaya."

"Ya cinye shi?" in ji Talatu.

"Ina! Ai ba haka yake ci ba, 'yar nan. Masu tsoronsa ba ruwansa da su. Ya dube shi ya ce, kai kana sona? Ya ce ina son ka."

Na ji basillar Baba ta tsaya.

Inna ta ce mutumin ya dawo gida tare da 'yan garinsu, amma jikinsa kaɗai ya dawo. Yana cin tuwo sai ya karkata kai yana sauraren gabas. A gona sai ya jingina da fartanya ya haɗa hannuwa yana kwaikwayon kukan dodo. Matarsa ta yi magana, ya ce ke ba ki gan shi ba ne, da kin gan shi da kin gane. Kaka na yi ya koma da ƙafarsa, ba sandar dagaci. Dodo ya yi murna, ya ba shi aikin shiga tsakanin 'ya'yansa yana haɗa musu hannu, don dodon yana da 'ya'ya da yawa masu bin sa a jere.

"Ran nan yana tsakani, ya sunkuya. Sai dodo ya ja da baya. Taku ɗaya kawai."

Ta tafa hannu sau ɗaya. A cikin shirun ɗakin nan ƙarar ta yi kamar dutse ya tsage. Talatu ta ƙwalla ihu ta cusa kai a cinyata. Ni kuwa har yau in na tuna tafin nan sai tsikar jikina ta tashi.

Ta ce mutum biyu ne suka kawo wa matar malafarsa da gorar ruwansa. Ta tambaye su kabari, suka ce yana can gefen hanyar dodo, inda ba a tsayawa.

Na ce, "Inna, jaririn fa?"

"Ya girma," in ji ta, tana kallon wuta. "Kunnen ubansa gare shi."

Muka jira ta rufe. Kowace tatsuniyar Inna, komai munin abin da ke cikinta, da ƙurunƙus take ƙarewa, kuma mu a wurinmu kalmar nan ita ce ke mai da dodo cikin ƙarya ta kulle ƙofa. Inna ta hau zuba mana kunu. Talatu ta ɗago tana shessheka ta ce, "Ba ki rufe ba." Inna ta ce, "Ku sha kununku."

Daga bakin ƙofa Baba ya yi magana, da wata murya wadda ban san shi da ita ba. "Inna, ashe ba zazzaɓi ne ya ɗauke shi ba?"

Ba ta waiwaya ba. Ni ta duba ta ce, "Hadiza, tura itacen nan, wuta za ta mutu."

Ranar tafiya ta zo, Baba bai ce ya fasa ba, bai ce yana nan a kan bakansa ba. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya yi sallama, ta amsa daga ciki da addu'ar da take yi wa kowane matafiyi. Na ga ya ɗauki sabuwar rigarsa da bargo, abin da ba ya ɗauka in zai dawo da wuri. Na bi jakunan har bakin dutse, aka koro ni.

Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. Dodon da ba a rufe ba ya zauna mana a gida. In mata suna daka, taɓarya biyu suna karɓa-karɓa, sai in ji shi tafe. In iska ta ratsa tsakanin duwatsu sai in ji kukan Mai Kai Biyu, wanda a da nake roƙo a yi mini. Na daina yarda in wuce tsakanin rumbuna biyu, sai in zagaya. Kowace magariba nakan karanta Falaƙi da Nasi, iyakar abin da na haddace ke nan, in tofa wajen kudu, wai ko za su iske Baba. Inna kuwa kaɗin zarenta take yi. Sai dai sujadarta ta yi tsawo, har nakan tsaya ina duban bayanta in ga ko tana numfashi.

Wata la'asar yara suka yi shelar jakuna sun ɓullo. Na hau dutse. Na ga Malam Ilu, na ga sauran, ban ga Ɗan'azumi ba, ban ga Baba ba. Na sake ƙirga su. Can sai ga wani a ƙarshe, yana koro jakuna kashi biyu, nasa da na wani, bargo a kafaɗa. Na sauko ina gudu ina faɗuwa har na daki gwiwarsa.

Inna tana zaune a inda take. Ta ce wa mahaifiyarmu, "A dama fura, matafiya sun iso." Amma zaren ya tsinke, mazarin ya gangara, ta kai hannu ta kasa kamawa.

Ɗan'azumi ne ya karɓi gurbin. Ya yi aikinsa lafiya har ya tsufa, ko yatsa bai rasa ba. Baba ya ci gaba da noma, bai sake hura tafukansa a gidanmu ba, in aka tada gardama a gindin tsamiya sai ya yi murmushi kawai. Da aka ɗauke ni makarantar 'yan mata a Kano, shi ya raka ni, ya ce mu biya ta tasha. A wani layi da ciyawa ta cinye ya nuna mini Mai Kai Biyu, a ajiye, ba wuta ba hayaƙi, sababbin kawuna masu shan mai sun fara karɓe aikin. Ya daɗe riƙe da shinge. Ya ce, "Da kin gan shi yana tafe." A nan na fara gane abin da ya ajiye saboda tsohuwar da ba ta taɓa kiran sunansa ba.

Na daɗe ina juya abin. Ina yarinya na ɗauka darasin shi ne a guji abin da zuciya ta cika so. Yanzu ban sani ba. Rai da ajali a hannun Allah suke, ko a loko ko a gona, Inna ma ta san haka fiye da ni. Tsoro ne kawai na uwa, ya rasa ƙofar fita sai ta tatsuniya. Ina yi mata addu'a, ina yi wa Baba, ban ce wani ya yi kuskure ba.

Ni ma na riƙe kunyar nan, ko da ba kamar tata ba. Da babban ɗana ya zo da zancen aiki a jirgin ruwa, can tsakiyar teku, na ce Allah ya sa alheri, na shige ɗaki. Bayan isha na tara jikoki, na ga yana zaune a tsakar gida kusa da taga, sai na tsinci bakina yana ƙago wani ƙaton kifi mai kiran mutane da daddaɗar murya. Ban kai rabi ba 'yarsa Ummi, wadda ko haƙoran gaba ba ta gama mayarwa ba, ta dafa gwiwata ta ce, "Hajiya, ki bar kifin nan. In ba kya son Abba ya tafi ki gaya masa mana, ga shi can yana jin ki."