Burodin da Na Ƙona a Mubi

Mun tashi da asuba daga Yola, ni da abokin aikina, da kwali shida na fale-falen da na yi shekara biyu ina haɗawa. Kowane falle hawa-hawa ne: shimfiɗar tsatsar ƙarfe, sai ta farin garin alminiyam, a danne a gasa. A ɗakin gwajinmu zafi yana shan wuya kafin ya ƙetare daga hawa zuwa hawa. Na yi imani za su rage wa masu tanda cin itace.

Tsakanin Song da Gombi ramuka suka sa na rungume kwali ɗaya kamar jariri, direba yana ta dariya. A Hong muka karya da ƙosai, wanda ya ƙanƙance amma kuɗinsa ya yi ƙiba. Muka shiga Mubi da hantsi, muka ɗauki keke zuwa gidan burodin wata dattijuwa, Mama Saratu, wadda ta yarda mu shimfiɗa mata su a cikin tandarta.

Da muka gama ta ƙwanƙwasa falle ɗaya, ta ce, "Malam, abin nan naka ya san wutan itace? Mu hura shi babu komai tukuna."

Na ce, "Mama, an gwada, an gama." Sauri nake mu koma.

Ban gaya mata cewa murhun gwajinmu bai taɓa kai zafin tandarta ba. Washegari, ranar kasuwar shanu, ta zuba kwaɓin burodin masu shayin tike, wato wurin cinikin shanun, gaba ɗaya. Da farko bangon waje ya yi sanyi har na ɗora hannu ina murmushi. Da wuta ta kankama sai muka ji ƙas, ƙas. Hawa-hawan ba su buɗe daidai da juna ba, suka rabu, zafi ya bi tsagar ya taru gefe guda. Rabin burodin ya zama gawayi, rabi ɗanye.

Masu shayi suka zo, suka leƙa, suka wuce wani gidan. Mama ba ta yi faɗa ba. Ta zuba mana kunun gyaɗa, ta ɗauki guduma ta fara ɓamɓare aikina. Muka taya ta har la'asar.

Mun iso Yola da kwali ɗaya na fasassu. Na koyi cewa abin da ya tare zafi a wuta kaɗan yana iya sakinsa a wuta mai yawa. Wannan zan iya gyarawa. Amma na kira Mama jiya, ta ce uku daga cikin masu shayin ba su dawo ba.