Hannun Daman Baba

Ina zaune a layin ganin likitan ƙashi, a wani asibiti da ke hanyar Lugbe, kusa da wani dattijo. Ya ce santsin banɗaki ne ya kayar da shi, ƙashin damtsensa na dama ya karye dab da kafaɗa, aka yi aiki aka haɗa da ƙarfe. Hannun na rataye a wuyansa cikin ƙyalle, likita ya hana a ɗaga shi.

Amma ɗansa nake kallo. Shaddarsa na sheƙi, turarensa ya cika baranda, katin ma'aikata na lilo a ƙirjinsa. Yana ta latsa waya, bai ko dubi uban ba. Ina jin ya kawo shi Abuja ne don a ce ya kawo.

Wani mai tumbi ya zo wucewa, ɗan ya zabura.

"Oga, ranka ya daɗe! Baba, daraktanmu ne, ku gaisa."

Dattijon ya miƙa hagu.

"Haba Baba, hagu? Oga ne fa!"

Ɗan da kansa ya zare hannun uban na dama daga ƙyallen. Oga ya kama ya girgiza, yana cewa Allah ya ƙara sauƙi. Dattijon ya cije leɓe, gumi ya keto masa.

Ɗan yana can yana raka Oga mota, rungume da jakar Ogan hannu bibbiyu. Uban yana nan yana lallaɓa hannunsa ya koma cikin ƙyallen, da hagun da aka raina.