Inna Wanasa da Mitar Gas

A gidan Alhaji Lakhdar da ke bayan tsohuwar kasuwar Batna, mu 'yan haya kashi uku ne, mitar gas kuwa guda ɗaya. Ni da mijina Ammar muna can saman bene, wani tela da iyalinsa a tsakiya, Inna Wanasa a ƙasa. In takardar kuɗin gas ta zo sai a raba uku. Haka muka tarar, ba wanda ya taɓa ƙorafi.

Inna Wanasa mutuniyar ƙauyen kan duwatsu ce, gajeruwa, mai zanen shuɗi a haɓa irin na matan da. Mijinta direban babbar mota ne. Da ya rasu, ta ƙi komawa ƙauye, ta sayi kasko biyu ta fara gasa gurasa tana kai wa masu gidajen abinci. Tun asuba wutarta ke ci har azahar.

Farkon sanyin shekarar ta hawo wurina tana haki.

“Yamina, 'yar nan, wutata na cin rabonku. Ni ke sana'a, ku ke biya. A raba mitar nan.”

Na ce, “Haba Inna! Ɗumin kaskonki ne ke hawowa ta ƙasan ɗakinmu. Mu ya kamata mu biya ki.”

“Rufe min baki, sarkin daɗin baki. Ba zan ciyar da mutane gurasar da aka gasa da haƙƙin maƙwabta ba.”

Tela ma ya ce ya yafe. Ta ce ita ba ta roƙi yafiya ba.

Alhaji Lakhdar ne ya kafe. Sabon bututu dole ya bi ta zaure, tayil ɗin bangon zauren kuwa mahaifinsa ne ya manna da hannunsa.

Ya ce, “Ko ƙusa ban yarda a buga ba. Su da ke biya sun yi shiru, ke mene ne naki, Wanasa?”

Washegari ta cire kaskonta daga gas ɗin gida, ta koma sayen tukunyar gas a kantin bakin titi. Ranar da dusar ƙanƙara ta rufe unguwa, Alhaji na dawowa daga masallaci ya same ta a duƙe tana mirgino tukunyar, zanenta sharkaf, yatsunta sun ƙage. Ammar ya ruga zai karɓa, ta buge masa hannu.

Alhaji ya dube ta. Ya ce, “Wallahi taurin kanki ya fi dutsen garinku. Ki kira mai bututun.”

Buzid mai haɗa bututu ya zo, ya auna, ya ce akwai hanyar da ba za a taɓa zaure ba, amma sai bututunmu da na tela sun ratsa ɗakin kwananta.

Ta ce, “Su ratsa. Ni da barci na haɗa ɗaki, ba da ado ba.”

Kwanakin aikin an yanke gas, gidan ya yi sanyi kamar randa. A madafarta muka taru gaba ɗaya, muka kewaye kasko, tana miƙo mana gurasa da man zaitun, tana tsokanar tela wai da rawar ɗarinsa kaɗai zai iya tuƙa keken ɗinki.

Da aka liƙa mitoci uku a ƙofar gida, nata kuɗin ya fi na kowa nesa ba kusa ba. Murna ta yi. A makon nan ta ƙaro kasko na uku, abin da ta daɗe tana so tana jin nauyinmu, ta kuma ɗauki matar tela aiki.

Ta ci gaba da gashi har idonta ya fara rauni, 'yarta ta zo ta tafi da ita Annaba, inda sanyi bai kai namu ba. Matar tela ce ke riƙe da sana'ar yanzu.